Zaɓen Ciyaman Da Kansila: Ina Ruwanmu?

A ƙasarmu Nijeriya akwai ƙananan hukumomi 774. Daga cikinsu 23 suna Jihar Sakkwato, uku kuwa daga cikin waɗannan su ne Wurno da Rabah da Goronyo, can gabashin jihar, inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke shayar da fadamu. Kowace ƙaramar hukuma tana da shugaba, wanda muka saba kira ciyaman. Tana kuma da majalisar kansiloli, kansila ɗaya daga kowace mazaɓa. Mazaɓun jihar duka 244 ne, watau in aka raba kowace ƙaramar hukuma ta tashi da 10 ko 11.

In an zo zaɓen shugaban ƙasa, kowa yakan kasa kunne ga rediyo, a yi ta gardama a ƙofar gida da bakin kasuwa. In an zo zaɓen ciyaman da kansila kuwa, sai ka ga maigida ya saɓa fartanya ya nufi gona, uwargida ta ce ita ba ta ma ji ana yi ba. In ka tambaya a ce maka, “Ai an riga an gama.” Wannan magana tana da dalili, za mu kuwa faɗi dalilin ba ɓoye-ɓoye. Amma muna roƙon masu karatu su duba tare da mu, ko dalilin ya isa ya sa mu naɗe hannu. Gama hukumar nan da muke rainawa ita ce ke riƙe da makarantar ’ya’yanmu, da ɗakin shan maganinmu, da rumfar kasuwarmu, har da filin da za a binne mu.

DAGA EN’E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

Tsofaffin da ke cikinmu sun san zamanin En’e. A lokacin, mulkin ƙasar Sakkwato yana hannun Sarkin Musulmi da majalisarsa. Daga gare shi sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. En’e tana da baitulmalinta, da ’yan dokarta, da alƙalanta, da gidan yarinta, ita ce kuma ke karɓar haraji da jangali. Garuruwan nan namu sun daɗe da sanin sarauta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, can ya rasu cikin 1837, can kuma kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello. Ya zama hakimin Rabah cikin 1934, aka naɗa shi Sardauna cikin 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har aka kashe shi ran 15 ga Janairu, 1966.

Hakimi dai naɗa shi ake yi, talaka ba ya da bakin cewa ga wanda yake so. Tun cikin 1950 aka fara ƙorafi a fili. A shekarar ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin En’e, a shekarar kuma aka kafa jam’iyyar NEPU a Kano, wadda babban kukanta ke nan. Bayan soja sun karɓi mulki, sai aka ɗauke ’yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En’e a ƙarshen shekarun 1960.

Babban gyara ya zo cikin 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Aka kafa tsari iri ɗaya ga ƙasa duka, aka yanka ta ƙananan hukumomi 301, aka ce su ne mataki na uku na mulki, bayan Gwamnatin Tarayya da ta jiha. Sarakuna suka koma masu ba da shawara, aikin yau da kullum ya koma hannun majalisa. Daga baya adadin ya yi ta ƙaruwa, ya kai 589 cikin 1991, ya kai 774 cikin 1996.

Akwai abu guda da ya kamata iyayenmu mata su riƙe. Cikin 1976 ne doka ta ba matan Arewa ikon jefa ƙuri’a, bayan ’yan’uwansu na Kudu sun daɗe suna yi. Irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri da duka kafin a kai ga haka. Uwargidan da ta ce ba ta da ruwa da zaɓe, ta tuna an sha wuya kafin katin nan ya shigo hannunta.

RANAKUN DA ƘASA DUKA TA FITA

Akwai lokatan da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijeriya baki ɗaya. Na fari shi ne na Disamba 1976, ba tare da jam’iyyu ba. Majalisun da aka kafa a lokacin su ne suka zaɓi yawancin wakilan da suka zauna cikin 1977 don duba tsarin mulkin da aka fara aiki da shi a 1979. Amma da farar hula suka hau, sai gwamnoni suka riƙa naɗa nasu mutane, har aka gama shekara huɗun nan ba a sake kiran ƙasa duka ga wannan zaɓe ba.

Zamanin Janar Ibrahim Babangida aka yi guda ran 12 ga Disamba, 1987, shi ma ba jam’iyya. Aka sake wani ran 8 ga Disamba, 1990, tsakanin jam’iyyu biyu da gwamnati ta kafa da kanta, SDP da NRC. Wannan shi ne zaɓen ƙato bayan ƙato: babu akwati, babu takarda, kowa ya bi layi a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban jama’a. Maguɗi ya yi wuya, amma asiri ya tonu. Mai bin bashi yana kallon layin da ka bi, surukinka ma yana kallo. Zamanin Janar Sani Abacha aka yi biyu, ɗaya a Maris 1996 ba jam’iyya, ɗaya a Maris 1997 da jam’iyyu biyar.

Wanda ya fi su duka nauyi shi ne na ran 5 ga Disamba, 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a ƙarƙashin Mai Shari’a Ephraim Akpata, ta ba jam’iyyu tara izini na wucin gadi. Ta ce wadda ta nuna tana da jama’a a sassan ƙasa ita za a tabbatar wa rajista. Da aka ƙirga, uku suka tsira: PDP da APP da AD. PDP ta kwashe fiye da rabin kujerun ciyaman, ta kuma riƙe shugabancin ƙasa daga 1999 zuwa 2015. APP ta ci gwamnan Sakkwato a Janairu 1999, da Alhaji Attahiru Bafarawa, mutumin gabashin jihar. Daga baya ta zama ANPP, ta shiga haɗakar da ta haifi APC cikin 2013, tare da waɗanda suka samo asali daga AD. Ashe manyan jam’iyyun da suka yi ta karɓa-karɓa da mulkin ƙasar nan, a rumfar zaɓen kansila aka yanke musu cibiya. Ƙuri’ar manomin Achida da ta masuncin Goronyo suna cikin waɗanda aka ƙirga ran nan.

YADDA ABIN YA KOMA HANNUN JIHOHI

Tsarin mulki na 1999 ya tabbatar a sashe na 7 cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma ya ba kowace jiha ikon kafa hukumar zaɓenta, gwamna kuwa shi ke naɗa mutanen hukumar, majalisar jiha ta amince. Majalisar jiha ce kuma ke yanka yawan shekarun da ciyaman zai yi. INEC ba ta da sauran hannu sai a majalisu shida na yankin Abuja. Tun daga nan kowace jiha ta riƙa sa ranarta, wata ta yi, wata ta ƙi, ta naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo.

Ga dalilin maganar nan ta “an riga an gama.” Ran 27 ga Maris, 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka yi zaɓe a Jihar Sakkwato. APC ta ƙaurace, PDP ta gwamna ta cinye kujeru 23 duka. Ran 21 ga Satumba, 2024, zamanin Gwamna Ahmed Aliyu, aka sake yi. PDP ta ƙaurace, APC ta gwamna ta cinye 23 duka. A Kano, cikin Oktoba 2024, NNPP ta gwamna ta kwashe 44 duka. Masu karatu sun ga jam’iyyu uku ne daban, amma halin ɗaya ne. Saboda haka ba mu ɗora laifin a kan wata jam’iyya, tsarin ne yake da ɓaraka, kowa ya hau kuwa ya ci moriyarta.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda muke haɗuwa da su a kasuwar Illela da ta Ƙonni, sun bi wata hanya. Su hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta riƙa shirya musu a rana ɗaya: ran 24 ga Yuli, 2004, sa’an nan a Janairu 2011, sa’an nan ran 13 ga Disamba, 2020. Jama’a su zaɓi kansiloli, a raba kujeru bisa ga yawan ƙuri’ar kowace jam’iyya, kansilolin kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Ta haka jam’iyyu dabam-dabam sukan zauna a majalisa ɗaya. Amma bayan juyin mulkin Yuli 2023, gwamnatin soja ta rushe majalisun cikin Afrilu 2024, ta naɗa nata mutane. Darasin a fili yake. Tsari mai kyau yana yiwuwa a ƙasar Hausa, amma ko mai kyan ne, ana iya raba mutane da shi dare ɗaya.

ME KE HANNUN CIYAMAN?

Da yawa cikinmu muna kai kuka inda ba nan ne wurinsa ba, shi ya sa muke dawowa da ɓacin rai. Bari mu rarrabe. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa cikin 1984, ta Gwamnatin Tarayya ce, tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. ’Yan sanda da soja ma na Tarayya ne. Babban asibiti da makarantar sakandare yawanci na jiha ne. To, me ya rage wa ƙaramar hukuma?

Tsarin mulki ya jera ayyukanta ɗaya bayan ɗaya. Ita ce mai gina kasuwa da tashar mota da mahauta, ta kuma kula da su. Ita ce mai gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kwashe shara. Ita ce mai keɓe maƙabarta. Ita ce mai rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ita ce mai ba da lasin keke da amalanke da baro, har da kwale-kwale. Bayan waɗannan, tana da hannu a makarantun firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da aikin gona. Albashin malaman firamare ma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Mu kawo abin gida. Manomin Wurno ya yi wata huɗu yana ban ruwa, ya cire albasa da tafarnuwa. In kwalbatin da ke tsakanin gonarsa da titi ya karye, sai ya biya jaki ko ya sayar da araha a bakin gona. Mai ciki a ƙauyen Rabah, in naƙuda ta kama ta da dare, ɗakin shan magani na mazaɓarta ne gatanta, in akwai ungozoma da fitila a ciki. Mu malaman makaranta mun san abin da rufin aji mai yoyo yake yi wa karatun yaro: da hadari ya taso an tashi ke nan. Duk waɗannan suna cikin abin da kansila zai iya tashi ya faɗa a majalisa, ciyaman kuma ya sa cikin kasafin kuɗi.

A ranar masifa ma haka ne. Cikin Satumba 2010 gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da kewaye. Cikin Oktoba 2021 ’yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. Ciyaman ba ya iya tare gulbi, ba ya kuma ba soja umarni. Amma shi ne ke kai kuka Sakkwato. Mutanensa ne ke rubuta sunayen waɗanda suka rasa muhalli, ta hannunsu kuma kayan agaji suke bi. Ranar rabon buhun hatsi ne iyali suke gane ko mai amana ne a kan kujerar.

KUƊIN FA?

Kowane wata akan raba kuɗin asusun tarayya kashi uku. Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Watau cikin kowace naira biyar, wajen naira ɗaya ta ƙananan hukumomi ce. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuɗin kuwa ta nan suka riƙa bi. Shekara da shekaru ana kukan cewa abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba. Ciyaman da gwamna ya ɗora, da wane baki zai tambayi saura?

Cikin 2024 Ministan Shari’a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnoni 36 ƙara. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari’a Emmanuel Agim ya karanta. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kwamitin riƙo, kuma hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kada a ba ta kuɗi. Shi ya sa jihohi da yawa suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Aiki da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma an riga an rubuta shi, kowane talaka kuma yana iya kafa hujja da shi. In kuwa kuɗin suka fara sauka kai tsaye, kujerar ciyaman ta ƙara nauyi ke nan. In mutumin kirki ne a kai, alheri ya ƙaru. In ɓarawo ne, an kawo masa har gida.

ABIN DA IYALI ZA SU IYA YI

Na ɗaya, a yanki katin zaɓe. Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 yana da iko, namiji ko mace, a inda yake zaune. Rajistar INEC ce hukumar jiha take amfani da ita, saboda haka kati ɗaya ne. Wasu cikinmu aiki ko ciniki ne ya kawo su wannan yanki, sukan ce, “Ba garinmu ba ne.” Amma nan kake biyan kuɗin rumfa, nan ’ya’yanka suke shan rigakafi. Mu Kirista a wannan yanki ba mu da yawa, ran da muke neman filin maƙabarta ko takardar aure kuwa, ƙofar ƙaramar hukuma za mu ƙwanƙwasa. Wanda sunansa ke cikin rajista ya fi ƙarfin baki a wannan ƙofa.

Na biyu, a farka da wuri. Tun da yake wanda jam’iyya mai mulki ta tsayar shi ne yakan ci, ashe ainihin zaɓen yana wurin tsayar da ɗan takara. Tun ran gini, ran zane. Dattawan mazaɓa, da ƙungiyar manoma, da matan kasuwa, da iyayen yara, in suka haɗa baki tun kafin a fitar da suna suka ce ga wanda suka yarda da shi, ga wanda ba su so, jam’iyya takan yi tunani. Ita ma tana bukatarsu ran zaɓen gwamna, wanda INEC ke ƙirgawa.

Na uku, a duba hali. Kansila ɗan unguwa ne, mun san gidan ubansa. Da aka ba shi ajiyar kuɗin adashi ko na ƙungiya, ya mayar cif? In ya sayar da buhun albasa, na ƙasa daidai yake da na sama? Yana gaida talaka in ba lokacin zaɓe ba? Kada mu tsaya ga tambayar addininsa ko ƙabilarsa. Mu tambayi adalcinsa, gama rijiyar da zai haƙa kowa zai sha.

Na huɗu, kada a sayar da ƙuri’a. Doka ta hana, lissafi ma ya hana. A ce an ba ka naira 2,000, mutumin kuma ya yi shekara biyu a kan kujera, watau kwana 730. Ka sayar da bakinka a kan abin da bai kai naira 3 a rana ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski. Iyaye su faɗa wa samarinsu wannan, su kuma hana su zama ’yan bangar kowa.

Na biyar, a bi sawu bayan zaɓe. Ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, yaron da ke da waya yana iya dubo shi a intanet ya karanta wa dattawa. A zaɓi abu guda, ko rufin aji, ko famfon burtsatse, ko kwalbati. A rubuta takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi. A tafi tare da maƙwabta Musulmi da mai unguwa, cikin ladabi, a miƙa wa kansila. Bayan wata guda a koma a tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ake zuwa gaishe shi da takarda duk wata ya san ana kallonsa.

Ba mu ce waɗannan za su gyara kome cikin shekara ɗaya ba. Akwai masu neman a mayar da zaɓen nan hannun hukumar ƙasa, wannan kuwa sai an gyara tsarin mulki, aikin ’yan majalisar da mu ne muke tura su Abuja da Sakkwato. Ya kamata mu tambaye su matsayinsu in sun zo neman ƙuri’a. Kafin nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamna yana Sakkwato, shugaban ƙasa yana Abuja, amma kansila yana bayan gidanmu, muna haɗuwa da shi a wurin suna da wurin jana’iza. In muka yi shiru, ba shi da dalilin tunawa da mu. Allah ya ba mu shugabanni masu amana, ya ba mu kuma ƙarfin halin tambayarsu.